Iƙamar da Salihu Bai Duba Ba

Akwai wani mutum a Jidda mai suna Salihu, mai warsha, wato wurin haɗa kujerun falo irin na majalisar Larabawa, a unguwar Khumra. Abin da ya same shi ya fara ne ranar Talata, bakwai ga Rajab, wadda ta yi daidai da bakwai ga Janairun 2025, da ƙarfe tara da minti ashirin na safe.

A wannan lokacin ne Husaini ya shigo warshar, riƙe da almakashinsa a naɗe cikin tsumma.

Salihu da Husaini a lungu ɗaya aka haife su a unguwar Ruwais ta Jidda. Kakanninsu tare suka zo Hajji a ƙafa daga Najeriya, suka zauna. Kakan Salihu ya yi rajista ya zama ɗan ƙasa. Kakan Husaini ya ce shi baɗi zai koma gida, har ya rasu bai koma ba. Shi ya sa Husaini, da shekara hamsin da ɗaya, yake zaune da iƙama, wato katin izinin zama, da fasfon Najeriya, ƙasar da bai taɓa takawa ba.

Akwai kuma abin da ya fi maƙwabtaka. Mahaifiyar Salihu ta yi doguwar jinya bayan ta haife shi, sai Inna A'i, mahaifiyar Husaini, ta shayar da su tare.

"Ya akhuya, ɗan'uwana, na zo ka biya nonon da ka shanye mini," in ji Husaini yana dariya.

"Ni na shanye? Dubi tumbinka, dubi nawa," Salihu ya ce, ya rungume shi.

Da aka kawo shayi, Husaini ya faɗi abin da ke tafe da shi. Kamfanin da ya yi wa ɗinkin kujeru shekara goma sha huɗu ya durƙushe. Kafilinsa, mai kamfanin da sunan Husaini yake ƙarƙashinsa, ya ce masa da baki, "Halas, je ka nemi aiki, na sake ka."

Husaini ya ciro katin iƙamarsa ya miƙa. "Ga ta, ka duba. Saura wata takwas ta ƙare."

Salihu ya ɓata rai. Ya karɓi katin bai ko kalle shi ba, ya mayar da shi aljihun rigar Husaini da hannunsa.

"Ni zan duba takardarka? Me zan ce wa Inna? Yalla, ga teburi can, ɗauki yadi ka fara."

'Yar Salihu, mai suna Bayan, ita ce ke riƙe da takardun ma'aikatan warshar. Tana jin komai daga ɗan ofishinta. Ta bari sai da Husaini ya shiga ciki, sannan ta fito.

"Baba, ka karɓo mini lambar iƙamar baffana, Ammi Husaini. Minti biyu ne, in duba a waya, sai mu nemi a mayar da kafalarsa kanmu."

"Za a yi, amma ba yau ba."

"Doka ta ce kafin ya taɓa almakashi, Baba. Ammi Abdallah ma da ka ɗauke shi aiki sai da na duba shi, kai ka sa ni."

"Abdallah baƙo ne daga Sudan. Wannan ɗan'uwana ne. Aib, abin kunya ne, ya binti. Mutum ya zo wurina ranar da ya rasa aiki, in tare shi da bincike kamar ɗan sanda?"

Ta sake tuna masa a ƙarshen Rajab, ya ce bari Husaini ya saba tukuna. Ta sake tuna masa a tsakiyar Sha'aban, ya ce aikin azumi ya taso, bayan Salla. Da ta ce to bari ita ta roƙi Ammi Husaini lambar da kanta, Salihu ya daka mata tsawar da bai taɓa yi mata ba.

"Idan kika kunyata ni a gabansa, ki ajiye makullin ofishin nan."

Ba mugunta ce ta hana shi ba. Kullum ya ɗaga kai ya ga Husaini a duƙe kan soso yana yanka, sai ya ji daɗi a ransa, ya ce ga shi yana rama wa Inna A'i alherinta ba tare da ya sa ɗanta ya ji shi ma'aikaci ne ba.

Ranar Laraba, goma sha biyu ga Ramadan, ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata na safe, masu duba takardun ma'aikata suka shigo Khumra, warsha bayan warsha. Salihu bai damu ba. Abdallah ya miƙa katinsa, aka duba aka mayar masa. Husaini ya miƙa nasa yana murmushi.

Jami'in ya shigar da lambar, ya daɗe yana kallon na'urarsa.

"Wannan an kai rahotonsa. Hurub."

Wato an rubuta shi a matsayin ma'aikacin da ya gudu ya bar kafilinsa.

"Ni? Wallahi shi ya ce in tafi!" in ji Husaini.

"An shigar da rahoton ranar biyu ga Janairu," jami'in ya ce, ba da faɗa ba. "Ana ba da kwana sittin mutum ya koma hannun wani kafili. Naka sun cika kwana tara da suka wuce." Ya juyo wajen Salihu. "Kai ne mai wurin? Ba ka duba ba kafin ka ɗauke shi?"

Salihu ya waiga ya ga Bayan a bakin ofis, ta rufe fuskarta da gefen mayafi.

Ashe ran da Husaini ya shigo da almakashinsa, kwana biyar kacal da shigar rahoton. Saura kwana hamsin da biyar. Da an duba a minti biyun nan, da an gani, da an gyara.

Aka tafi da Husaini yana azumi, zaren yadi na manne a rigarsa. Aka ci Salihu tara, aka rufe warshar na wani lokaci. Bai ko tsaya kan wannan ba. Ya yi ta yawo daga ofis zuwa ofis, ya nemi lauya, ya nemi tsohon kafilin, wayarsa a kashe. Ko'ina amsa ɗaya ce: lokacin gyara ya wuce.

Sai da ya kwana uku kafin ya iya zuwa unguwar Waziriyya, gidan Nana Aisha, ƙanwar Husaini, inda Inna A'i take zaune. Ya tarar da ita a kan darduma bayan la'asar. Ya durƙusa.

"Inna, kunyarki na ji. Na ga bai kamata in binciki ɗan da muka sha nono ɗaya ba."

Tsohuwar ta dube shi.

"Salihu, sa'ad da nake shayar da ku, kowace safiya sai na taɓa goshinku in ji ko da zazzaɓi. Ka ɗauka rashin yarda ne ya sa nake taɓawa?"

Ta ci gaba da cewa:

"Ya miƙo maka katin da hannunsa, ka mayar masa aljihu. Tashi ka je, na yafe. Amma ni na san ba zan sake ganinsa ba."

Bayan Salla da mako uku aka sa Husaini a jirgi zuwa Kano. Da ya samu waya ya kira Salihu, har yana ƙoƙarin wasa.

"Ya akhuya, a can ana ce mini Takari, a nan kuma yara na bina suna cewa Balarabe. Hausata ma dariya take ba su."



Luba, matar Husaini, da ƙaramar 'yarsu Lama, zamansu a kan iƙamarsa yake, don haka su ma suka bi shi kafin Babbar Salla.

Waɗanda suka rage a Jidda su ne waɗannan.

Inna A'i, a Waziriyya, shekara saba'in da tara, ba ta iya hawa jirgi.

Nana Aisha, mai jinyarta.

Mohannad, babban ɗan Husaini, wanda iƙamarsa ke hannun wurin aikinsa, shi kaɗai a gidan da dā mutum huɗu ke ciki.

Abdallah, a teburinsa.

Bayan, wadda ba ta taɓa ce wa mahaifinta "ai na faɗa maka" ba.

Da Salihu. An sake buɗe warshar. Almakashin Husaini yana nan cikin tsummansa a kan teburi na biyu daga ƙofa, ya hana kowa ɗauka.

Darasi: Idan za ka ɗauki mutum aiki, duba takardunsa tun ranar farko, kamar yadda doka ta ɗora maka, ko da ɗan'uwanka ne, musamman ma idan ɗan'uwanka ne. Dubawa ba zargi ba ce, kulawa ce, kuma kunyar minti biyu tana iya raba uwa da ɗanta har abada. Ka tura wannan ga duk wanda ka sani yana da shago, ko warsha, ko ma'aikaci ɗaya tak a ƙarƙashinsa, tun kwanakin wani ba su cika ba.