Ladanin da Ya Gyara wa Kwamfuta Shekara

Ku ɗan matso, na baya ma su ji. An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, a zamanin da kwamfuta ta fara shiga gidajen talakawa, ana kallonta kamar baƙuwar da ba a san danginta ba. Sunansa Malam Hambali, shi ne ladanin masallacin unguwarsu. Su uku ne a gidan: shi, da 'yarsa Hansatu da ake kira Uwani saboda sunan mahaifiyarsa ta ci, da kuma yayarsa Gwaggo Tasalla, wadda ta dawo riƙon yarinyar bayan uwarta ta rasu. Tuwo bai yanke musu ba, sutura ma da rufin asiri. Littafi ne babu. Uwani kuwa mayyar karatu ce, ko takardar ƙosai ta samu sai ta karance ta kafin ta yar.

Malam Hambali ba shi da babbar gona, ba shi da sarauta. Abu guda yake da shi, wato sanin lokaci. In ya kira salla, masu agogo ne suke gyara nasu. In gardama ta tashi kan yau nawa ga wata, a ƙofar gidansa take mutuwa. Bai taɓa yin alfahari da baki ba, amma a can cikin ransa, in an taɓa nan an taɓa shi.

Ana nan sai kawun Uwani, wani direban babbar mota, ya kawo mata tsohuwar kwamfuta ta gwanjo, irin mai buɗewa kamar littafi. Ana jona ta da waya sai ta shiga intanet. Uwani ta samu abin da take nema, ta duƙufa shirin jarrabawar shiga makarantar kimiyya. Ta koya wa mahaifinta yadda zai buɗe shafin da ake sauraron karatun Alƙur'ani. Da ya lura agogon da ke kusurwar allon ya ɗan yi baya, ta nuna masa inda ake gyarawa. Gwaggo Tasalla dai tun ranar farko ta ce ita wannan akwati bai kwanta mata ba.

To ku saurara, nan abin ya faro. Wata safiya, Uwani tana makaranta, Malam ya buɗe na'urar zai ji karatu, sai idonsa ya faɗa kan kwanan watan da ke ƙarƙashin agogon. Ya duba, ya sake dubawa. Shi ya san ranar tara ga Rajab ce, da idonsa ya ga tsayuwar watan. Na'ura kuwa ta rubuta wata rana daban, wani wata daban. Tausayinta ya kama shi.

Ya ce, “Baiwar Allah, an kawo ki ƙasar mutane ba a gaya miki kwanan wata ba.”

Ya shiga inda aka nuna masa. Ya sa rana tara. Rajab shi ne na bakwai, ya sa wata bakwai. Sai shekara. Ya yi niyyar kai ta shekarar Hijira, ya yi ta dannawa baya, baya, baya, har ta kai wata shekara tun kafin a haifi uwar Uwani, ta cije ta ƙi gaba.

Ya ce, “To, iya ƙoƙarinki ke nan. Wannan ma ya fi kusa da gaskiya.”

Ya rufe ta, ya tafi jana'izar da aka yi masa aike, ya manta da zancen gaba ɗaya. Ai mutum ba ya riƙe ƙaramin alherin da ya yi.

Da la'asar Uwani ta zauna a tsakar gida, ta buɗe burauza, wato manhajar da ake bi a shiga shafukan intanet. Ta nemi shafin darasin lissafi da take shiga kullum. Maimakon darasi sai ga jan gargaɗi ya tare allon, da dogon Turanci a ƙasansa. Gwaggo tana tsince shinkafa a gefe, amma idonta ba ya barin akwatin.

Ta ce, “Ke, mene ne wannan jan abin?”

Uwani ba ta iya ƙarya ba. Ta ce, “Wai ya ce shafin ba shi da aminci, Gwaggo. Wai mugaye za su iya sace bayanan mutum.”

Gwaggo ta ajiye faifan. “Mugaye. Ke da wa kuka san mugaye? Gidan wa kike zuwa a cikin akwatin nan?”

“Gidan lissafi ne, Gwaggo.”

“Lissafi. Shekara nawa ana lissafi a duniya, ban taɓa jin an ce akwai mugaye a ciki ba. Akwatin da bai iya ƙarya ba, ga shi ya tona.”

Jama'a, kafin Malam ya dawo daga sallar magariba, Gwaggo ta leƙa maƙwabta aron turmi, ba ta dawo da turmi ba, amma ta bar labari. Washegari a wurin masu niƙa ana cewa 'yar Ladan tana hira da ɓarayi. Kafin labarin ya kai ƙarshen layi, ɓarayin sun samu sunaye har da garuruwansu. Uwar ƙawar Uwani ta hana 'yarta biyo mata makaranta.

Gwaggo ta tsare ƙanenta a zaure. Ta ce, “Hambali, a mayar wa direban nan da kayansa. Jarrabawar ma a haƙura, in dai sai ta wannan hanya.”

Malam ya dubi Uwani. Idanunta sun kumbura. Ya ce, “Uwata, kin je inda bai kamata ba?”

“Ban je ba, Baba.”

Ya ce, “Yaya, yarinyar nan ban taɓa kama ta da ƙarya ba. Akwatin kuwa kwanan nan na san shi. Ki bar ni in bincika.”

Ku dubi haƙuri irin na bawan Allahn nan. Bai san kwamfuta ba, amma ya san yadda ake bin abu daki-daki. Ya sa Uwani ta kashe ta kunna, jan gargaɗi ya dawo. Ya ari wayar maƙwabci aka jona, ko laifin wayarsu ce, jan gargaɗi ya dawo. Wani mai shago ya ce ai ƙwayar cuta ce ta shige ta. Da Gwaggo ta ji cuta, ta kawo kasko da turaren hayaƙi ta turara na'urar har Uwani ta fara tari. Jan gargaɗi yana nan inda yake, sai dai yanzu yana ƙamshi.

Sai Malam ya ce, “Uwata, buɗe mini shafin da nake jin karatu.”

Ta buɗe. Ga jan gargaɗi.

“Buɗe na makarantarku.”

Ga shi nan.

“Na labarai fa?”

Shi ma haka.

Malam ya shafa gemu. Ya ce, “Yaya, in mai gadi ya tare mutum ɗaya a ƙofa, sai in tambayi mutumin. Amma wannan ya tare malamin lissafi, ya tare mai labarai, ya tare mai karatun Alƙur'ani. Ni yanzu mai gadin nake son a tambaya.”

Gwaggo ta ce, “Ita ta ɓata shi. Tukunyar da aka dafa kifi a ciki, ko shayi ka dafa sai ya yi ƙarni.”

Uwani ta ce a hankali, “Baba, akwai wani ɗan rubutu a ƙasa, in an danna za a wuce duk da gargaɗin.”

Malam ya ce, “A'a. Ba mu san dalilinsa ba, ba za mu tsallake shi ba. In yau ya yi kuskure, gobe zai iya yin gaskiya.”

Ya sa hularsa ya tafi gidan Malama Asabe, wadda take koyar da kwamfuta a makarantar su Uwani, ya roƙe ta ta zo. Ta zo da hantsi, aka shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida. Gwaggo ta zauna kusa, ta riga ta shirya fuskar wanda za a ce masa ya yi gaskiya.

Malama ta buɗe shafi, ta karanta ƙananan rubutun da ba wanda ya tsaya karantawa, sannan ta kai ido kusurwar allo. Ta sa gefen mayafi ta rufe baki.

Ta ce, “Baba Ladan, kowane shafi na kirki yana da takardar shaida, da ranar da aka ba shi da ranar da za ta ƙare. Burauza kamar mai gadi ce, sai ta duba takardar ta gwada da kalandarta kafin ta bari a shiga. To kalandar wannan na'ura tana can baya da shekaru masu yawa. Duk takardar da aka nuna mata, gani take ranar da ke jiki ba ta ma zo ba, sai ta ce ta jabu ce. Shafukan lafiyarsu lau. Wani ne ya taɓa kwanan watan.”

Gwaggo ta ce, “Wa zai taɓa in ba mai akwatin ba?”

Malam ya leƙa. Ya ga tara, ya ga bakwai. Ya ga shekarar nan da ta cije. Gumi ya tsattsafo masa a ƙarƙashin hula.

Malama Asabe mace ce mai hankali. Ta ga tara ga watan bakwai, ta san Rajab ake ciki, ta kuma ga fuskar dattijo. Sai ta ce, “Ko da yake, tsofaffin na'urori suna da wani ɗan batiri a ciki, in ya mutu agogo yakan rikice da kansa. Sai mu ce shi ne.”

Ku saurara da kyau, nan ce jarrabawar. An buɗe masa ƙofa ya fita da mutuncinsa. Batiri ba ya jin kunya, batiri ba shi da masallaci. Shi kuwa mutumin da gari ke gyara agogo da muryarsa, yaya za a ji ya ɓatar da shekara sukutum? Amma ya san yayarsa. In aka ce batiri, za ta ce to wa ya kashe batirin. Ya dubi Uwani, ta sunkuyar da kai tana jan zaren tabarma.

Ya ce, “Malama, Allah ya saka miki da alheri, amma batiri bai yi laifi ba. Ni ne. Na ga ba ta san muna Rajab ba, na gyara mata.”

Gwaggo ta buɗe baki. “Kai, Hambali?”

“Ni, Yaya. Shekarar ma so na yi in kai ta Hijira, ita ce ta ƙi.”

Dariyar da Malama take riƙewa ta kuɓuce. Uwani ma ta fashe da ita, hawaye na zuba. Malama ta mayar da kwanan wata daidai, ta buɗe shafin lissafi, ya buɗe tas. Ta ce, “Baba, wannan kalandar Bature take bi, da ita ake rubuta takardun. Rajab kuma a bar mana shi a hannunka.”

Gwaggo ta ce, “To ai shi ke nan, magana ta mutu a cikin gida.”

Malam ya ce, “Da a cikin gida ta tsaya, da ta mutu a cikin gida. Gida nawa kika shiga aron turmi?”

Gwaggo ta ce ba ta ƙirga ba. Ya ce to su bi layin duka. Haka suka fita, shi a gaba, ita a baya tana jan mayafi. A kowane gida Malam ya yi sallama, ya ce a gaya wa matan gida 'yarsa ba ta je ko'ina ba, shi ne ya mayar da na'ura zamanin da ba a haifi uwarta ba. Ita kuma Gwaggo ta shiga ciki ta maimaita. Bayan sallar la'asar ya miƙe a masallaci ya faɗa wa maza.

Kun san mutanenmu. Daga ranar ba a ƙara tambayarsa nawa ga wata kawai ba. Mai nama zai hango shi ya ce, “Ladan, yau wace shekara muke ciki?” Shi kuma ya ce, “Kwanan wata dai na tabbatar da shi, shekara sai ka tambayi Uwani.” Har ya tsufa ana yi masa, bai taɓa ɓata rai ba. Ƙawar Uwani ta dawo biyo mata, kwamfuta ta zauna a gidan, aka ci gaba da lissafi.

To 'yan'uwa, abin da nake so mu ɗauka ke nan. Na'urar nan ba muguwa ba ce, tsaro take yi. Amma da agogonta ya ɓaci, kowane gidan kirki ya zama gidan ɓarayi a idonta. Mu ma haka muke. In ka wayi gari ka ga maƙwabcinka munafuki ne, matarka ba ta da gaskiya, ɗanka ya lalace, abokin sana'arka macuci ne, kowa da kowa, to ka dakata, ka fara duba naka agogon. In an kawo maka zargi a kan yaronka, kada ka yi watsi da shi, kada kuma ka yanke hukunci kafin ka bincika. In binciken ya dawo kanka, ka faɗa da bakinka, ka kuma kai gyaran duk inda ɓarnar ta kai, ko da za a yi maka dariya.

An ce da Uwani ta girma, wata ta tambaye ta me ta koya a wannan tsohuwar kwamfuta. Ta ce lissafi ta koya, amma ba shi ta fi riƙewa ba. Ta ce a ranar ta gane cewa Babanta ya fi son a yi masa dariya da a yi mata ƙazafi.