Dagacin Awaki

Wai wani dagaci ne ya ƙyalla ido kan gonar Tabawa, sai ya kira ta fada.

"Ga awaki goma, raba wa 'ya'yana uku daidai. Ba yanka, ba saura. In kin kasa, gonarki ta zama tawa."

Tabawa ta ba kowa uku, bunsuru ya rage yana ta wari.

Dagaci ya ce, "Saura ɗaya!"

"Ranka ya daɗe, in ana ƙirga talakawa, ana sa ka ciki?"

"Ni? Kin haukace?"

"To, wannan ma dagacinsu ne. Ba ya ba da nono, kowane gida sai ya ci. In an ƙirga shi, a ƙirga ka."

Dagaci ya dubi bunsuru, bunsuru ya dube shi. Tabawa ta wuce gonarta.