Marinar da Ba Ta Cikin Taswira

Ku gyara zama, yau ba ta Gizo na kawo muku ba, ta takarda ce da hatimi. Kai mai latsa waya, sa ta a aljihu, don in na kai ƙarshe kai zan fara tambaya.

A wani gari gabas da nan akwai wani marini ana ce masa Jatau. Rijiyoyin rini tara ya gada daga ubansa a bayan gidansu, a cikinsu ya ci, a cikinsu ya aurar da 'ya'yansa. Da can wurin bakin gari ne, daga shi sai gonaki. Gari ya yi ta matsowa har gidajen bulo suka kewaye marinar ta ko'ina, aka bar mata ƙofa guda ta shiga.

Wata Litinin da hantsi sai ga mutum biyu daga sakatariyar ƙaramar hukuma, ɗaya da gwangwanin jan fenti, ɗaya da takarda. Suka zana alama a katanga, suka karanta wa tsoho abin da ke tafe da su. Kwamitin da ke duba yadda ake amfani da filaye ya zauna, ya tarar unguwar nan ta gidajen zama ce, kuma magidanta goma sha ɗaya sun kai ƙarar marina saboda ruwanta da ke bin lungu. Sana'ar da ta riga taswirar gari zuwa, ana iya barinta da izini na musamman. Wadda ta zo daga baya kuwa, a rufe ta. Da aka buɗe taswira, ba a ga marina a bayan gidan Jatau ba, garken awaki aka gani. An ba shi kwana ashirin da ɗaya, daga nan a cike rijiyoyin da ƙasa.

Tun daga ranar Jatau bai ƙara zama wuri ɗaya ba. Ya shiga gida, ya fito. Ya buɗe murfin wannan rijiya, ya rufe, ya ɗauki muciya ya motsa baban rini da aka riga aka motsa. A kawo tuwo ya huce a gabansa. Mutane suka ɗauka baƙin cikin zalunci ne ke cinsa, ba su san shi da kansa ya haifi wannan garken awaki ba.

Shekara talatin da huɗu da suka wuce, lokacin da masu awon filaye za su zo zana taswirar gari, jita-jita ta cika gari cewa duk mai marina za a tashe shi a kai shi bayan dutse inda ba ruwa. Jatau yana ji da ƙuruciya da wayo a lokacin. Ya gitta itatuwa a bakin rijiyoyin, ya shimfiɗa zana, ya watsa ƙasa da harawa, ya ari awakin unguwa ya ɗaɗɗaure a kai. Mai awon, wani Malam Bawa Safiyo, yana cikin jan igiyarsa sai zana ta burma da shi har cinya, littafin aikinsa ya faɗa cikin baba. Jatau ya tsamo shi, ya durƙusa ya yi ta roƙo, har mutumin ya ji tausayi ya rubuta garke. Ƙarshenta ko marini ɗaya ba a tasa ba. Wayon banza ke nan, ya kwanta shekara talatin da huɗu yana jiran mai shi.

A rana ta uku tsoho ya kasa riƙe abin. Ya tara 'ya'yansa uku a zaure ya faɗa musu gaskiya, kansa a sunkuye. Akwai Cindo, babban, wanda ke aikin marinar tare da shi. Akwai Lantana, wadda ke aure gida uku daga nan. Akwai Tanimu, autan, malamin makaranta a birni, wanda uban ke tsokana da mai farin hannu don bai taɓa tsoma ko yatsa a baba ba. Ba wanda ya yi wa tsohon gori. Kowa ya tashi ya nufi inda ya fi ƙarfi.

Tanimu ya karɓi takardar ya karanta ta har ƙasa, inda rubutu ke ƙanƙancewa mutane su gaji su bari. Can ya ga ana iya neman izini na musamman, amma cikin kwana bakwai, ga shi uku sun tafi. Ya rubuta, ya nufi sakatariya. Yau a ce mai karɓa ya tafi ta'aziyya, gobe a ce mai hatimi ya kulle ofis da hatimin a ciki. Kwana huɗu yana zaman benci. A rana ta bakwai, ana shirin tashi daga aiki, ya samu aka buga, aka sa ranar zama bayan mako uku. Daga nan ya kama neman Malam Bawa, wanda ya daɗe da barin aiki. Gari uku ya bi kafin ya same shi a wani ƙauye yana kiwon tattabaru, ido ya yi rauni. Tsohon ya ji abin da ya kawo shi, ya ce, "Yaro, so kake in tsaya gaban hukuma da furfurata in ce na yi ƙarya a bakin aiki? Tashi ka tafi." Tanimu bai tafi ba. Ya tare a zauren, yana jan hannunsa zuwa masallaci, yana zuba wa tattabaru ruwa, makaranta kuma tana can tana tara masa gargaɗi kan gargaɗi. Sai a kwana na biyar tsohon ya sa aka jawo wata adaka, ya ciro littafi. Rabin shafukansa shuɗi ne, ga kwanan wata a sama da rubutun hannunsa, shaidar marina tana nan tun kafin a zana taswira. Ya ce zai zo.

To, ana can ana wannan, nan gida kwana ashirin da ɗaya suka cika. Ofishin da ya karɓi takardar Tanimu da ofishin ayyuka bango ɗaya ne ya raba su, amma labari bai ƙetare bangon ba. Da hantsi sai ga tifa biyu cike da jar ƙasa sun juyo da baya a ƙofar marina. Takarda mai hatimi tana aljihun Tanimu, ƙauyen da yake kuma waya ba ta shiga. Jatau ya yi wajen direba, ya yi wajen shugaban ma'aikata, ya dawo, ba wanda ya saurare shi. Sai Cindo ya matso. Ya tuɓe riga, ya gitta muciya a bakin rijiyar da ke daidai ƙofa, wadda ba a isa sauran sai an bi ta kanta, ya zura jikinsa ciki har wuya ya rataye hammatarsa a muciyar. Ya dubi direba ya ce, "Bismillah, zuba." Direba ya kashe mota. Ku da ba ku san rini ba, ruwan nan da toka ake haɗa shi, hannu ma sai wanda ya saba. Tun hantsi Cindo yana ciki har aka yi la'asar, lokacin da mai unguwa ya dawo daga sakatariya a kan babur da akawun kwamiti a baya, akawun ya tabbatar an ɗaga hukuncin sai an yi zama. Duk tsawon yinin nan Jatau yana kewaya rijiyar. Bakinsa yana so ya ce ɗana fito, zuciyarsa tana so ya ƙara daurewa, kuma kunyar wannan ba ta sake shi ba har yau. Da aka jawo Cindo, ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa. Fatar jikinsa ta yi ta saɓulewa, rigar ma sai da ya daina sawa.

Akawun nan kafin ya tafi ya ja Jatau gefe ya ce, "Baba, in gaya maka gaskiya, ko littafin sama kuka kawo, muddin ƙarar maƙwabta na nan ba za a ba ku izini ba." Mai unguwa ya bi magidantan nan ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce shi ba ya tashin maganar da ya riga ya sa wa hannu. Dama rabinsu Cindo ya taɓa yin cacar baki da su a kan kwata. Nan Lantana ta yafa gyale. Ba ta tsaya a zaure ko ɗaya ba, cikin gida ta riƙa shiga, inda mai unguwa ba ya kaiwa. Tana taya wannan tsinke zogale, tana riƙe wa waccan jariri, har ta gano inda wutar ta tashi. Shekara biyu da suka wuce, ranar sunan jikan Hajiya Tabawa, ruwan marina ya ɓalle ya shiga tsakar gidanta, ya ɓata tabarmi da zannuwan baƙi. Daga gidan Jatau ko kaza ba ta je ta ce a yi haƙuri ba. Hajiya ce ta hura wa 'ya'yanta da surukanta wuta suka kai ƙara. Lantana ta durƙusa gabanta, mata na kallo, ta ce, "Hajiya, laifinmu ne, mun makara, amma ga ni na zo." Ba ta tsaya a baki ba. Tana da ɗan fili jikin katangar marina, gadon uwarta, inda take burin gina ɗakin tsufanta. Ta ce a haƙa rami a nan ruwan ya riƙa nutsewa, kada ya ƙara taka lungu. Mata suka koma kan mazajensu, goma suka janye. Na sha ɗayan mijin Lantana ne, don shi ma ya sa hannu. Ya ce ta zubar masa da girma a unguwa, ya yi kwana shida ba ya cin abincinta. Ita kuwa kullum sai ta ajiye kwanon a inda ta saba. Da safiyar ranar zama ya karɓi biro ya janye, ko kallonta bai yi ba.

Ranar zama Jatau ya kasa zama a benci, sai da ɗan doka ya ce masa sau biyu ya nemi wuri. Malam Bawa ya buɗe littafinsa, 'yan kwamiti suka miƙa wa juna, wani har yana sunsunawa. Aka karanta takardar janye ƙara. Waɗanda aka tura dubawa suka ce sun ga rijiyoyi tara cike da baba, sun ga sabon rami. Shugaban kwamiti ya juyo ya ce, "Malam Jatau, kai ka ɗaure awakin nan?"

Tsoho ya ce, "Ni ne, ranka ya daɗe."

Aka yi shawara, aka ba da izini, marina ta tsira. Jatau bai gama sauke numfashi ba shugaba ya ƙara magana. Izini na musamman sunan mutum ɗaya yake ɗauka, ba a raba shi, ba a sayar da shi, kuma mai sunan shi ke da ta cewa a marinar, shi hukuma ta sani in wani abu ya taso. Sunan Jatau kuwa ba zai hau takardar ba, tunda da bakinsa ya amsa ya yaudari masu awo. Sai ya zaɓi ɗaya cikin 'ya'yansa, kuma a yau, don kwamiti ba zai sake zama ba sai baɗi.

Akawu ya cire murfin biro ya ce, "Baba, sunan wa?"

Jatau ya waiwaya. Ga Cindo da mayafi a kan fatar da ba ta gama warkewa ba. Ba don shi ba, da yanzu jar ƙasa ake nema wa izini, kuma shi kaɗai ya san lokacin da baba ya nuna. Amma ba ya karatu, ga zuciya, kalma biyu da maƙwabci ƙara ta dawo. Ga Tanimu da takalminsa ya cinye. Ba don shi ba, da kwana bakwai sun wuce kowa na kuka, da littafin nan yana ƙasan adaka. Amma gobe zai koma birni, kuma ko warin baba ba ya so. Ga Lantana a bayan mata, ta sunkuyar da kai. Ba don ita ba, da littafi da wahalar Cindo duk sun tashi a banza, kuma filinta ne ke shanye ruwan. Amma tana gidan mutumin da ya sa hannu a rufe marinar, kuma har yanzu bai huce ba.

Su ukun ba wanda ya ɗaga ido, ba kuma wanda ya ce a ba wa ɗan'uwansa. Tsoho ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa, yana murza hannuwan nan nasa masu shuni. Marinar da ya yi ƙarya don kada a raba shi da ita, yau da bakinsa zai miƙa ta, kuma duk sunan da ya kira, biyu za su koma gida da abin a ransu.

Biro na nan a buɗe, akawu yana jira. To, kai mai waya, da sauranku duka, cikin Cindo da Tanimu da Lantana, sunan wa ya kamata Jatau ya faɗa?