Dalilin da Ya Sa Kabewa Ke Ruɓewa ta Ƙasa

Dalilin da ya sa za ku ga kabewa kyakkyawa a gona, ku juya ta ku tarar cikinta ya yi laushi, ga wani farin abu kamar auduga, shi zan gaya muku. Ke Ladiyo, cire yatsa daga hanci ki saurara!

A da can kabewa ba ta ruɓewa. Sai ta shekara kwance a ƙasa, ƙalau.

Akwai wata mata Tabawa, mai irin kabewar da ta gada wurin uwarta, duk garin babu mai irinsa. Wata shekara aka yi fari, yaɗo ya fara bushewa. Tabawa ta tafi fadama ta durƙusa gaban Ruwa.

"Ranka ya daɗe, ka taimake ni, kada irin uwata ya ƙare a hannuna."

Ruwa ya ce, "Zan zo. Amma ina da 'yar auta, Funfuna, ba ta da ƙafa, duk inda na je a bayana take. Za ki ci da ita?"

To, wa ke tambayar baƙo abin da yake ci? Abin kunya ne. Tabawa ta ce, "Haba, 'yarka ai 'yata ce."

Ruwa ya zo ya kwanta a gona, kabewa ta yi 'ya'ya tula-tula. Ana nan, sai suka fara ruɓewa ɗaya bayan ɗaya. Tabawa ta rasa mai yi mata wannan ɓarna, ta kama Tsutsa.

"Ni in na ci, ƙofa nake bari," in ji Tsutsa. "Kin ga ƙofa?"

Babu. Ta tare Ɓera.

"Allah ya kiyaye! Ina sawun haƙori?"

Shi ma babu. Sai ta tsuguna tana juya 'ya'yan kabewar tana dubawa. Guda ɗaya da ke kan tudu lafiya lau. Na cikin kwari, inda ruwa ya kwanta, su ne suka lalace, kuma duk ta gefen da ya taɓa laima. Ta kai ido kusa da farin abin nan, sai ta ji wata siririyar murya: "Sannu da aiki, Inna."

Wayyo! Ashe baƙuwar da ta karɓa da hannu biyu ce. Kafin nan kabewa ɗaya tak ta rage mata. Ranta ya ɓaci, ta ruga wurin Ruwa tana kuka.

Ruwa ya ce, "Ke kika ce 'yarki ce. Magana zarar bunu ce. Amma ba zan cuce ki ba: abin da na taɓa nata ne, abin da ban kai gare shi ba naki ne."

Tabawa ta koma da gudu, zane na faɗuwa. Ta ɗaga kabewar nan, ta shafa ƙasanta. A bushe! Ta ɗora ta kan tsingaron tukunya, ta haƙa wa ruwa hanya ya wuce. Funfuna ta zo a bayan Ruwa ta yi ta kewaya, ba ƙafar hawa.

Shi ya sa har yau Funfuna ke bin ruwa gona-gona, tana cin rabonta ta ƙasa inda ido ba ya gani. Ku da na aika jiya ku ɗaga mini kabewa kuka tsaya wasan langa, ku je ku juya su ku gani.