Ɗakin Baƙin da Bai Ɗauki Inna Ba

Akwai wata malamar makaranta da ƙannenta ke kira Uwar Baƙi. Tana 'yar shekara tara aka yi baƙi a gidansu, aka aike ta maƙwabta aron kofuna, ta shigo da su a kan idon kowa. A ranar, mahaifiyarsu, Inna, ta ce mata, "In kin girma, kada ki yarda baƙo ya ga gazawarki."

Maganar ta zauna mata daram.

Da ta yi nata gidan, ta ware ɗaki guda na baƙi. Kullum aka tashi daga makaranta sai ƙafarta ta ja ta shagon kayan gida. Yau farantai, gobe bargo, jibi fulas na biyar. Tana rubutu a allo, hankalinta na kan wani labule da ta gani. In ta saya ta samu natsuwar awa biyu, sai zuciyar ta sake tashi.

"Wai bataliyar soja za ki sauke?" in ji mijinta.

"Yi dariyarka. Ranar da suka zo, kai za ka fara gode min."

Wata Laraba da la'asar aka sallami Inna daga asibiti ba zato, bayan aikin ƙafa. Auta, ƙanwar Malama, ta kawo ta nan don gidan ya fi kusa da wurin wankin ciwo.

Malama ta tura ƙofar ɗakin baƙi, ta buɗu da ƙyar. Kwalaye har sama, ko ƙafar gado ba a gani. Ta hau jan kaya tana gumi, kwali ɗaya ya zube, farantai suka tarwatse.

Inna na tsaye dogare da sanda.

"Wannan duk na wane ne?"

"Na baƙi ne, Inna. Ke kika ce..."

"Kofi shida muka rasa ranar, 'yar nan. Wurin zama kuwa kowa ya samu." Ta juya. "Auta, mayar da ni mota. Katifarki ta ishe ni."

Malama ta fizgo sabon bargo a ledarsa ta bi su da gudu. Kafin ta kai bakin titi, motar ta sha kwana.

Darasi: Karrama baƙo wuri ne da fuska, ba tulin kaya ba. In tsoron jin kunya ne ke kai ka shago, ba ranar da sayayya za ta ishe ka. Tura wa wanda ka san yana da irin wannan ɗakin.