Ranar da Mai Ido Ya Rage Launin Allo

A cikin shekaru talatin da bakwai da na yi ina duba rubutu a maɗaba'a, na zauna da mutane iri-iri, amma ban taɓa zama da mai riƙo irin mutumin da muke kira Mai Ido ba. Shi ne babban mai tace launi. Babu aikin da ke wucewa zuwa inji sai da sa hannunsa. Kuma gaskiya ce, Allah ya ba shi gani: yakan dubi jajaye biyu da kowa ke rantsuwa ɗaya ne, ya nuna wanda ya fi duhu. Sai dai wannan baiwa ta haifar masa da girman kai, girman kan kuma ya haifi ƙullaci. Wanda duk ya gyara masa kuskure ya zama abokin gaba har abada.

Ana nan sai Maigida, mai maɗaba'ar, ya ɗauki wata malama mai zane, bisa gwajin wata uku. Mace ce mai natsuwa, mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya biyu, wannan aiki kuwa shi ne abin da ta dogara da shi. A makonta na huɗu aka kawo gwajin wata kalanda, Mai Ido ya sa hannu. Ita kuwa ta duba, ta ce cikin ladabi, a gaban Maigida, kamar shuɗin sama ya ja zuwa ruwan makuba. Aka kai takardar bakin taga, sai ga shi haka ne. Mai Ido ya yi dariya, ya ce ai ƙura ce a gilashinsa. Ni da ke zaune kusa da shi na ga yadda jijiyar wuyansa ta tashi, na san maganar ba ta ƙare ba.

Ya jira har makon ƙarshe na gwajinta. Wani mai kamfanin fenti ya ba da aikin katin launuka: kala arba'in da takwas, kore kaɗai iri tara, kowanne da sunansa a ƙasa da ƙananan haruffa. Malama ta yi kwana shida a kai. Maigida ya faɗa a fili cewa idan mai fenti ya yaba, kujerar ta zama tata. Idan ya ƙi, to ta nemi wani wuri.

Ranar da mai fenti zai zo, da hantsi, Malama ta buɗe aikin ya cika fuskar kwamfutarta, sannan aka kira ta ofis ta gaisa da baƙon. A nan Mai Ido ya sami abin da yake nema. Ga wanda bai sani ba, bari in yi bayani. Hoton da ke kan allon kwamfuta ƙananan ɗigo ne suka haɗa shi. Yawansu shi ke sa hoto ya yi kaifi. Kowane ɗigo kuma yana da adadin launukan da aka yarje masa ya nuna. Duka biyun ana iya ƙara su, ana iya rage su a wurin saiti. Mai Ido ya zauna a kujerarta, ya rage yawan ɗigon, ya sauke launuka daga miliyoyi zuwa ɗari biyu da hamsin da shida kacal, ya mayar da aikin ya cika allon kamar yadda ta bar shi, ya koma mazauninsa. Ni ina ɗakin inji a lokacin. Daga bakinsa muka ji wannan daga baya.

Da suka shigo su uku, Maigida da Malama da baƙon, mai fenti ya tsaya cak. Korensa tara sun koma uku. Ruwan madara da fari sun zama abu ɗaya. Haruffan sun yi kaushi kamar an yanka su da zarto. Ya juya ya tambayi Maigida ko wannan ne aikin da aka riƙe shi mako guda a kansa.

Maigida ya kira Mai Ido ya zo ya faɗi abin da ya faru. Ya taso a hankali, ya gyara gilashi, ya sunkuya ya daɗe yana kallo, sannan ya yi ajiyar zuciya irin ta mai tausayi.

"Ranka ya daɗe, ba na son in yi magana. Amma aikin ne ya lalace tun daga tushe. Yarinyar nan ba ta iya haɗa launi ba. Na so in faɗa tuntuni, na ce kada a ce ina baƙin ciki."

Mai fenti ya ɗauki jakarsa. A nan ne Malama ta dubi Mai Ido. Ta ce, "Baba, tunda idonka ya fi nawa, ka yi mini alfarma guda. A buɗe aikin nan a kwamfutarka, ka nuna mini inda na ɓata, ko na ƙaru kafin in tafi."

Ya ce ba shi da lokacin koyar da yara. Maigida ya ce akwai lokaci. Aka kwashe aikin a filashi, aka buɗe a kwamfutar Mai Ido, sai ga kore tara reras, kowanne daban da ɗan'uwansa, haruffa sumul. Mai fenti ya ajiye jakarsa ya jawo kujera. Malama ta koma tata kwamfutar, ta shiga wurin saiti, ta juya allon ga jama'a suka ga lambar da aka sauke. Ta mayar da ita, launuka suka dawo nan take.

Maigida mutum ne da ba ya ɗaga murya. Ya dubi Mai Ido ya ce, "Malam, abu biyu ne, ka zaɓi ɗaya. Ko dai ka tsaya gaban allon da aka rage wa launi, ka kasa bambanta shi da aikin da ya lalace, ka ga idon nan ya tafi ke nan. Ko kuwa ka gani, ka ɓoye gaskiya da gangan."

Da ya yi shiru, da wataƙila an ce tsufa ne, a yi masa uzuri, domin babu wanda ya gan shi a kujerar. Amma a ce idonsa ya mutu, a gaban baƙo, a gaban macen nan? Wannan bai iya haɗiye shi ba. Ya buga ƙirji ya ce, "Ni? Daga bakin ƙofa zan gane allon da ke kan ɗari biyu da hamsin da shida! To wa ma ya san inda ake sauke shi a gidan nan in ba ni ba?"

Sai da maganar ta fita ya ji abin da ya faɗa. Har mai yankan takarda sai da ya tsayar da wuƙarsa.

Maigida bai kore shi ba. Abin da ya yi masa ya fi kora ciwo. Ya karɓe ikon sa hannu ya ba Malama, ya ce daga ranar duk aikin da Mai Ido ya tace sai ya kai mata ta duba. Na gan shi da idona yana tsaye gaban teburinta da takarda a hannu, tana cewa, "Baba, a ƙara ja kaɗan." Kwana goma sha ɗaya ya iya jurewa, sannan ya daina zuwa. Ba zan yi wa mai karatu ƙarya ba: ban ji tausayinsa ba ko na rana ɗaya, domin abincin marayu biyu ya so ya zubar saboda an gyara masa shuɗi.

Darasin da ke cikin wannan labari a bayyane yake. Idan na ƙasa da kai ya gyara maka kuskure, ka gode masa, domin ya kare mutuncin aikinka ne. Wanda ya ajiye gyara a zuciya ya mayar da shi gaba, zai kai ga amfani da iliminsa wajen cutar da bayin Allah, kuma girman kan da ya tura shi ga mugunta shi ne zai buɗe bakinsa ya tona masa asiri a ranar da ya fi bukatar yin shiru.