Fuskar Shizu a Kan Katako

Akwai wani mai sassaƙa a unguwarmu a Tokushima ta ƙasar Japan, a zamanin kakana, sunansa Genzo. Ni dai boko ta gagare ni, amma a labarin unguwar nan ba wanda zai kara da ni, don haka ku gyara zama.

Sana'ar Genzo ita ce ya manna zane a kife a kan katako, ya bi layukan da wuƙa yana sassaƙewa, a shafa tawada a buga hotuna da yawa. Takardar zanen kuwa ba ta tsira, wuƙa ce ke cinye ta.

Wata rana wata tsohuwa, Otake, ta zo da takarda a naɗe cikin ƙyalle. Zanen 'yarta Shizu ne tana rawar Obon, bikinmu na tunawa da magabata, hannuwa sama, tana dariya. Wani mai zane da ya ratsa garin ne ya yi shi, kafin zazzaɓi ya ɗauke ta. Duk duniya babu wani hoton nata.

"Baba Genzo, a buga min in raba wa 'yan uwa. Fuskarta ta fara ɓace min in na rufe ido. Amma ko za a fara kwafar zanen a ajiye?"

"Kwafa? A shagona? Iya, wannan aikin matsorata ne."

Kinji, abokinsa mai buga launi, ya sheƙe da dariya. "Kai tsoho! Jiya rabin shayinka a gemunka ya ƙare. Hannun nan rawa yake fiye da 'yan matan Obon. Bari a kwafa, ko ka kai wa wani ya yi fuskar."

"Rufe min baki, sarkin dagwalon tawada. Hannun nan ne ke ciyar da kai."

Genzo ya shafa kunun shinkafa a matsayin gam, ya manne takardar.

Rigar ta fito, hannuwan suka fito kamar za su motsa. Da ya iso kan idanu sai hannun ya zille. Wuƙa ta zarce, ta kwashe ido da rabin baki. Ya tattara ɓarɓashin a tafin hannu yana ta jujjuyawa.

Ba yadda za a yi, sai suka dasa wani guntun katako a gurbin, ya sassaƙa malafar da masu rawa ke sawa, ya sauko da ita ta rufe fuskar, Kinji ya buga hotunan a haka.

Ranar da Otake ta zo, Genzo ya durƙusa, goshinsa a ƙasa. Ta ɗauki hoto ɗaya ta matsa bakin taga, ta karkata shi gefe, ta sunkuya tana leƙen ƙasan malafar.

"Ya yi kyau, Baba," ta ce a hankali. "Tashi, ƙasan da sanyi."

Ta sake leƙawa.

"Kai ne na ƙarshe da ya ga fuskarta a zanen. Gaya min, ɗan tabon nan nata, a kuncin dama yake ko na hagu?"

Shi Genzo layuka kawai ya riƙa kallo da yake sassaƙar, bai taɓa kallon yarinyar ba.

Darasi: In aka ba ka amanar abin da ba shi da na biyu, ajiye girman kanka ka saurari mai gaya maka gaskiya, ko da cikin tsokana ya faɗa. Kuskuren naka ne, amma wani ne zai rayu da asarar. Ku tura wa duk wanda kuka san ba ya jin shawara.